Takun Ƙafar Hagu

Jiya jikata ta ce tun daga zaure take gane tafiyata, sai na tuna malaminmu na gudu a zamanin Turawa. Shi ba ya kallonmu. Idan mun gama ɗumama jiki a busasshiyar fadamar bakin kogi, sai ya juya mana baya ya rufe ido, yana sauraron takunmu.

Ana saura kwana uku gasar da Di'o, Baturen gunduma, zai halarta, na wuce shi da gudu, zuciyata tana wurin wata kyakkyawa da ta yi mini alkawarin zuwa kallo. Ya daɗe bai buɗe ido ba.

Can ya ce, "Yaro, ƙafarka ta hagu tana tsoron ƙasa. Akwai baƙo a cikinta. Kada ka shiga gasar nan."

Na ce, "Malam, lafiyata ƙalau."

Na shiga. A tsakiyar fili ƙurjin da nake ɓoyewa ya fashe, kurkunu ya tsinke a ciki. Har yau da ɗingishi nake tafiya.

Shi ya goyo ni har gida. Allah Ya sa takun da yake ji a kabarinsa na mala'ikun rahama ne.