Yadda kiran asuba ya kuɓuce mini

Assalamu alaikum. Tun bayan ƙaramar Sallah ban ce uffan a shafin nan ba, har wani abokina ya yi mini tsiya wai ko amarya na yi a ɓoye. Ina! Jinya na yi.

Ga wanda bai sani ba, ni ne ladanin masallacin unguwarmu a Sabon Birni. Ba ni da gona mai faɗi, ba ni da shago. Murya Allah ya ba ni, kuma ina ji da ita.

Tari kuwa tun ina yaro nake da shi, har gida aka saba. In ya taso in sha zuma da citta in ci gaba da harkata. Bara ne ya canza. Wata asuba ina cikin kira, na ja "hayya alas salah", numfashi ya yanke a tsakiya, lasifika ta kai tarina har bakin kasuwa. Kunya ta kama ni. Duk da haka ban je asibiti ba, taurin kai ya hana.

Sai da zazzaɓi ya kayar da ni, ƙirji kamar an ɗora mini buhun gero, sannan yayana Sanusi ya ɗauko mota. Daga asibitin garinmu aka tura mu Sakkwato. Inna, mahaifiyata, ta ce ƙafarta ƙafata, duk da halin da hanyar take ciki.

Aka sa mini robar iska a hanci. Allura safe da yamma, gwajin majina, hoton ƙirji. Sanusi ya sayar da tumakinsa biyu bai faɗa mini ba. Na ji tsoro ƙwarai, don gadon da ke kusa da nawa sau biyu ana canza mai shi, kuma ba sallama aka yi musu ba.

Gwaji ya nuna ba tarin tibi ba ne, nimoniya ce ta hau kan tsohon ciwo. Da na ɗan farfaɗo aka ba ni wani bututu in hura. Na hura iya ƙarfina, likita ta duba ta tambaye ni shekara nawa na yi ina shan taba. Raina ya ɓaci. Na ce ni ladan ne, ko kara ɗaya ban taɓa sawa a baki ba.

Sai ta juya wajen Inna ta tambayi inda na tashi. Inna ta ba ta labari da fara'arta: sana'arta ƙuli-ƙuli, a ɗan ɗakin girki marar taga take suyar gyaɗa, ni kuma ina goye a bayanta tun daga arba'in har na yi wayo. Da damina in itace ya jiƙe, da leda ko guntun tsohon silifa ake hura wuta, kamar kowane gida.

Likita ta yi bayani a hankali. Ta ce huhun jariri bai gama ginuwa ba, kuma ga dukkan alamu hayaƙin nan ne ya hana nawa cika. Magani zai sauƙaƙa, amma abin da bai ginu ba ba zai dawo ba.

Inna ta ce, "Likita, ni don kar sanyi shi kama shi nika goya shi wurin wuta."

Likita ta ce, "Na sani, Inna. Ba ke kaɗai ba ce, ba a faɗa muku ba."

Wallahi wannan maganar ta fi mini allura ciwo. Har yau ina da-na-sanin barinta ta shiga wurin likitar nan. Ina kuma da-na-sanin shekarun da na yi ina shan zuma, don likita ta ce da na zo da wuri da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Alhamdu lillahi, an sallame ni. Ina tafiya da ƙafata, ina yawo da abin shaƙa a aljihu. Na gwada kira sau ɗaya da azahar, na kai ƙarshe amma a gutsuttsure. Baba Liman ya ce in huta tukuna. Na gane nufinsa, na ce za ni miƙa wa Bashiru maƙwabcinmu ladancin da kaina.

Na gode wa Allah, na gode wa Sanusi, da masu jinya, da ku da kuka yi ta addu'a. Allah shi saka.

Roƙona ga mata masu suya da girki: ku sauke goyo kafin ku shiga hayaƙi. A huda wa ɗakin girki taga, ko a fito da murhu fili. A daina hura wuta da leda da roba. Yaron da tarinsa ya ƙi ƙarewa a kai shi a duba ƙirjinsa, kar a ce ai haka yake.

Bashiru yana ƙoƙari, muryarsa ma ba laifi. Jiya Inna ta ce mini har yanzu in an fara kiran asuba sai ta kasa kunne, ko ni ne.