Barkonon Dada a Kan Rufi

Jiya maƙwabciyata ta daka yaji, ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni ina wanke-wanke. Na yi atishawa uku a jere, ta huɗun ta maƙale, sai na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai, hannuwana duk kumfa. Idan kai ma ka tashi a gidan da ake shanya barkono, ka san ba a hanci kaɗai yake tsayawa ba. Ni dai ya mayar da ni unguwar Wuro Hausa a Yola, gidan kakata, lokacin ina 'yar shekara tara, bakina ya fi jikina girma.

Dada ake ce mata, daga mu jikoki har limamin unguwa. Ita ta haifi Innata. Gajeriya ce, mai faɗa da safe da kyauta da yamma, kuma yaji ne sana'arta. Duk gidan da aka yi haihuwa a unguwarmu, yajin jegon daga turminta yake fitowa. A kan rufin kwanon ɗakin girki take shanya barkononta, don a ƙasa kaji ba sa barin ta ta yi sakat. Rufin ya tsufa, ba ya ɗaukar babba, shi ya sa hawan tsani ya zama aikina. Da safe in baza, kafin magariba in kwashe saboda raɓa. Ba son aikin nake yi ba, ina yi ina ƙunƙuni, ita kuma tana ƙasa tana cewa ta ga malalata a duniya amma ba ta ga irina ba.

Kawu shi ne autan Dada, sojan sama ne. Yana da aboki tun daga firamare, ɗan wata mata 'yar ƙabilar Ibo mai shagon atamfa a kasuwar Jimeta, wadda kowa ke kira Madam. A Jimeta aka haifi ɗan Madam, Fillancinsa ma ya fi nawa. Tare suka shiga soja, kuma Allah Ya haɗa su a jirgin yaƙi ɗaya mai kujera biyu, Kawu a gaba, shi a baya. Ba su taɓa daidaitawa a kan wanda ke yin ainihin aikin ba. Kawu ya ce shi ke tuƙi, abokinsa fasinja ne kawai mai yawan surutu. Ɗan Madam ya ce ai dama direba a gaba yake zama, mai mota kuwa a baya.

Shekarun nan ne da rikici ya ci garuruwan arewa da mu, mutane suka yi ta kwararowa Yola da abin da suka iya ɗauka a ka. Zaurenmu da ɗakuna biyu sun cika da baƙin da ba mu taɓa gani ba, tukunyar gidan ta koma irin ta biki. Manya suna magana ƙasa-ƙasa, mu yara kuwa mun samu sababbin abokan wasa. Kusan kullum jirage kan tashi daga filin Jimeta, ƙararsu ta sa kwanuka rawa a kan kanta. Dada takan ajiye taɓarya ta bi su da ido, leɓɓanta suna motsi.

Duk Juma'ar da ba su da aiki, Kawu da abokinsa a gidanmu suke cin tuwo. Ɗan Madam yakan barbaɗa yaji har miyar ta canza kama, ya ci yana gumi yana yaba wa Dada. A irin wannan zaman ne ta yi musu tambayar da ta daɗe tana damun ta. Ta ce ita fa ba ta gane ba, can sama babu titi, babu kwana, babu mai shago da za a tsaya a tambaya, to da me mutum yake gane hanyar gida?

Kawu ya haɗiye lomarsa, ko murmushi bai yi ba, ya ce, “Da barkononki mana, Dada.”

Ta dube shi a kaikaice, don ta san halin kayanta. Sai ɗan Madam ya dafa ƙirji.

“Gaskiya ne, Mama. Daga sama jan nan yana haske kamar danja. Da mun hango shi, sai in ce wa direba ya karya hagu, mun iso.”

Shaidu biyu ke nan, ɗaya Musulmi ɗaya Kirista, Dada ba ta da sauran ja. Daga ranar barkonon kan rufi ya daina zama na sayarwa. Ya bushe ƙayau har yana ƙara, amma ba a taɓa shi ba. Mata su zo neman yaji, su nuna rufin, ta ce musu wancan na gwamnati ne. Ni ma girma ya hau kaina. Na daina ƙunƙuni, na riƙa tashi tun kafin a tashe ni. A makaranta na sanar da duk ajinmu cewa ni ma'aikaciyar filin jirgi ce, wata ta ƙaryata ni, muka yi dambe, aka yi mana bulala tare, ban kuma janye maganata ba.

Idan jirgi ya wuce ina kan tsani, nakan ɗaga hannu har kafaɗata ta yi ciwo. Ran Juma'a Kawu ya zo ya ba ni sakamako. Wani lokaci ya ce aikina ya yi kyau, oga ma ya yaba. Wani lokaci ya ɗaure fuska ya ce na shanya shi a karkace, saura ƙiris su sauka a cikin kogin Binuwai su jiƙa takalmansu. In yi ta rantsuwa, ɗan Madam ya shiga tsakani ya ce laifin direba ne, idonsa ne a karkace. Ban san wani lokaci a rayuwata da na ji daɗi kamar wannan ba, ga shi kuwa a tsakiyar yaƙi ne.

Ranar da abin ya faru, ana biki a gidan da ke bayan namu. Dada ta fita da sassafe zuwa barka a unguwar Alkalawa, ta bar mini sallahu kamar kullum. Na ɗauko buhun barkonon ke nan sai ƙawata ta leƙo ta ce ana sa wa yara lalle, kuma kwaɓin ya kusa ƙarewa. Na ce a raina, bari in je a sa mini, yanzu in dawo. Aka shafa mini har wuyan hannu, aka ɗaure da leda. To, mai lalle a hannu ba ta hawa tsani, balle ta taɓa barkono. Ina zaune hannuwana a miƙe na ji jirage sun wuce. Na tuna da rufin, amma na lallashi kaina cewa tafiya ce, sai a dawowa ake buƙatar alama. Daga nan aka kawo masa, aka fara kiɗa, na manta da duniya. Da Dada ta dawo da la'asar ta tambaye ni, na ce na shanya har na kwashe. Ta ce Allah Ya yi mini albarka.

Washegari aka aiko cewa jirage biyu ne suka fita, ɗaya ya dawo.

An ce ana nema, kada a yanke ƙauna. Dada ba ta yi kuka ba. Ta sa aka fito da duk barkonon da ke gidan, har wanda aka yi wa masu jego alkawari, ta ce a rufe rufin kaf, ko sun ɓata hanya ne. Ni na hau na baza, hawaye na zuba, kowa ya ɗauka yajin ne. Lallen kuwa ya kama ja wur, irin kamun da ban taɓa samu ba. Na goge shi da toka, na goge da dutse, ya ƙi fita. Abinci ya daina wuce mini. A lissafina na yarinya babu wani ruɗani: sun dawo, sun duba ƙasa, ba su ga ja ba, sun wuce har mai ya ƙare. Na kashe Kawu da abokinsa saboda lalle, kuma babu wanda ya sani sai ni.

A rana ta bakwai wani hafsa ya zo, shi ne ya tuƙa jirgin da ya dawo. Madam ma ta zo daga Jimeta, ta rufe shago, ta zauna tabarma ɗaya da Dada. Hafsan ya cire hularsa ya faɗa musu abin da ya gani da idonsa. Mutane ne a kan wata hanya, yawancinsu mata da yara, suna gudu zuwa mashigin wani kogi, motocin 'yan bindiga na biye da su. Jiragen sun yi abin da za su iya, mai ya yi ƙasa, aka ce su juyo. Kawu ya ce mutanen ba su gama haye ruwa ba, zai ƙara zagaye ɗaya, abokinsa ya ce a je. Suka sauko ƙasa sosai, suka shiga tsakanin motocin da masu gudu, suka saki abin da ya rage musu. A nan aka same su. Suna da damar su yi tsalle su fita, amma akwai ƙauye a ƙarƙashinsu, sai suka riƙe jirgin har ya wuce gidajen. Ya ce mutanen sun haye.

Dada ta ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Madam ta riƙe hannunta. Ni kuwa ina bayan randa, abin ya fi ƙarfina, na fito tsakiyar mutane na ce ni ce, ban shanya ba, ƙarya na yi, lalle na tafi. Na miƙa hannuwana don su gani.

Hafsan ya rasa gane kan zancen, sai da Inna ta yi masa bayani. Ya durƙusa daidai tsayina ya ce, a irin gudun da suke yi, babban masallaci ma da ƙyar ido ke kama shi, na'ura ce ke nuna musu hanya, kuma ba su ma kai ga juyowa gida ba. Na ji shi, amma maganar ba ta shige ni ba. Dada ma ta ɗaga kai ta ce ita dai ɗanta ya ce yana gani.

Sai muka ga kafaɗun Madam suna rawa. Mun ɗauka kuka ne ya ci ƙarfinta, ashe dariya ce take ƙoƙarin dannewa.

“Barkono suka ce miki, Mama? Ni lema suka ce mini. Wannan babban lema mai ruwan ɗorawa da na ɗaure a saman shago. Yaronki ne ma ya rantse mini. Ko iska ya ɗauke shi, da kaina nake hawa benci in mayar, da wannan ƙafa nawa mai ciwo.” Ta share ido da bakin zani, ta dube ni. “Ranar nan lema na yana wurin, yarinya. Tun safe har dare yana wurin.”

Dada ta dubi Madam, ta dubi rufin da ya yi ja kaf, ta ce, “'Yan banzan yara.” Sai dariya ta ƙwace mata. Tsofaffin nan biyu suka riƙe juna suna dariya suna kuka, har baƙin da ke zaure suka leƙo su ga ko lafiya. A wannan ranar Dada ta fara zubar da hawayen ɗanta, kuma da dariya suka fito.

Da ta natsu ta jawo ni, ta juya tafin hannuna tana dubawa.

“Ya kama da kyau, ɓingel am,” in ji ta, wato 'yata da Fillanci. “Je ki ci tuwo.”

Na ci malmala biyu, na yi barci a cinyar Madam. An yi wa Kawu salla ba gawa, aka yi wa abokinsa addu'a a cocinsu a Jimeta, mutanen gidanmu suka je can, nasu suka zo nan. Sai da na girma na gane abin da samarin nan suka yi. Sun san iyayensu mata za su zauna ne zullumi ya cinye su, sai suka ba kowacce aikin yi.

Kwana biyu bayan zuwan hafsan, da safe, na ga Dada ta jingina tsani ta ajiye buhu a gindinsa. Na ce mata ai an ce ba sa gani.

“Na ji da kunnena,” ta ce. “Waɗanda suka rage ma 'ya'yan wasu ne. Hau.”

Na hau, kuma na ci gaba da hawa har na yi wa rufin nauyi, ƙanwata ta karɓe ni.

Yau Dada ta daɗe da rasuwa. An rushe ɗakin girkin, an yi gini mai dogon rufi da ko tsanin masu gyaran wuta ba ya kaiwa. Yaji a leda ake sayen sa, an riga an niƙa a inji, ba ya sa kowa atishawar kirki. Baƙinmu yawanci sun koma garuruwansu, wasu sun zama 'yan Yola. Madam ta bar wa 'yarta shagon, amma lemar tana nan, ta uku ke nan ana sakewa, kuma duk ruwan ɗorawa. Ni aure ya kawo ni Jimeta, kusa da filin jirgin, inda ƙarar ta fi ta da ƙarfi.

Da na gama wanke-wanken jiya, na shiga wurin maƙwabciyata na roƙi barkono cikin tafi biyu. Na zuba a faifai, na taka kujera na ɗora a kan tankin ruwa. 'Yata, wadda ta gado bakina, ta tsaya tana kallo na, ta tambaye ni ko na wane ne. Na ce mata na gwamnati ne, kada ta taɓa.