Laya Ɗaya Na Sayar wa Mutum Shida

Ni mai tuwo ce a Mayo Gwoi, kuma kafin abin da zan faɗa, ba wanda ya taɓa kama ni da laifin ko allura. Ban yi boko ba, ban yi allo mai nisa ba. Ido Allah ya ba ni, shi ne kuma ya kusa halaka ni.

Bayan rumfata akwai wata bishiyar mangwaro inda direbobi da 'yan ofis ke zama da rana suna kartar nan da suke kira foka. Shekara uku ina kai musu tuwo ina kallo. Na ga gwani ya yi mako guda yana faɗuwa, na ga sakarai da bai san hannunsa ba ya kwashe tabarma kwana uku a jere. Sai na gane sa'a kamar ruwan damina take, yau unguwar Turaki, gobe unguwar Kachalla Sembe, ba wanda ke aikenta. Gwaninta ba ta nuna kanta a yini ɗaya sai an daɗe, kuma ko an daɗe, mai tabarma da ke cire kasonsa ne kawai ke yin ƙiba.

Da na sani da na yi shiru. Wata rana Ishaya, wani mai tuƙa Keke Napep cikin masu kartar, ya zo bayan ya sha faɗuwa ya ce, "Goggo, ba ki san wani taimako ba?" Na ƙulle toka a tsumma, na ɗinke da jan zare, na ba shi. Washegari ya ci. Dama lokacinsa ne ya zo, amma ni aka gode wa.

Daga nan na sayar wa duk mutum shidan da ke zama a tabarmar laya iri ɗaya, kowa a ɓoye, kowa da gargaɗin kada ya nuna. Ai dole ɗaya ya ci! Wanda ya ci ya yabe ni, wanda ya faɗi in ce ya gaisa da mace kafin ya zauna. Ishaya ya yarda da ni har ya sayar da Kekensa ya zuba, karta ta haɗiye. Ranar ya fizge layar daga wuyansa ya jefar, sai sauran biyar suka ga jan zare, kowa ya shafa nasa wuyan. Suka kai ni ƙara, alƙali bai wahala ba. Shekara biyu na yi a gidan yari, na tuba tuban da ba na fatan sakewa.

Na fito na koma tuwona. Bara sai ga Rahila, matar Ishaya, ko gaisuwa babu. Ta ce ya yi bulo da dako har ya sake sayen Keke, yanzu kuma foka ta dawo cikin waya, mako uku yana ci, ya ce ya gano sirrinta, jibi zai sayar da Keken. "Ke kika lalata shi, Goggo, ke za ki gyara."

Na sa ta jawo shi bakin famfo da safe, inda mata ke layin ruwa. Ya zo yana hura hanci. "Mai laya, yau me za ki sayar min?"

"Yau kyauta ne, ɗan nan. Tsaya ka gani."

Na ɓoye tsakuwa a hannu, na ce wa matan kowa ta canka, dama ko hagu, wadda ta kuskure ta koma gefe. Suka yi ta zubewa ana shewa. Sai Dada Hajjo, tsohuwar Bafulatana da ko tafin hannunta ba ta gani sosai, ta rage ita kaɗai, ta canka sau biyar ba kuskure.

Na ce, "Ishaya, ga gwana. Kawo Keken mu sa a kan cankarta ta shida."

Ya ce, "Haba Goggo! Ai dace ta yi."

"To, kai fa?"

Dada Hajjo ta ce, "Useko, don Allah, ni ku bar ni in ɗebi ruwana." Ishaya ya cire hula ya mayar. Rahila ta miƙa hannu, ya ba ta wayar ta goge fokar da kanta.

Ku matasa, ku ji daga wadda ta ci da wannan wauta. Cin mako uku ba shaida ba ne, faɗuwar mako uku ma ba alamar cewa ci ya kusa ba ne. Duk wanda ya ce yana da maganin sa'a, ku tambaye shi mutum nawa ya sayar wa. Keken Ishaya yana nan, yaransa uku na makaranta, kuma duk Asabar shi ke ɗauko min buhun masara daga kasuwa, yana mita wai na cika ciniki.