Ba a rage wa ɗana shekara

"Hajiya, abu ɗaya ya rage. A sake masa takardar haihuwa."

Mai horar da wata ƙungiyar ƙwallo ta Damagaram ne ya faɗa mini haka jiya a zaurenmu. Ɗana Laminu suke so a dogon hutun nan, su yi ta yawon wasa da shi har Yamai. Yaron yana tsaye, sai washe baki yake.

Na ce, "Takardar me ta yi?"

Ya ce, "Sha bakwai ya yi yawa. Sha biyar za a rubuta. Kowa haka yake yi."

Na ce, "Malam, a kan amalanken shanu na yi naƙudar yaron nan, kafin mu kai Kelle. Ba wanda ya isa ya goge mini wannan ranar."

Na kai shi ƙungiyar unguwarmu. Rigunansu ma ba iri ɗaya ba ne, kuma iyakar tafiyarsu Gidigir.

Tun jiya Laminu ya ƙi cin tuwona. Ya yi ta fushinsa. In gwani ne, ya gwada wa sa'anninsa, ba ƙannensa ba.

Iyaye, da ku ne, za ku sa hannu?