Takardun da Alhaji Bai Ƙona Ba

Mun tashi daga Tsafe bayan sallar asuba, ni da ƙanin matata da ke tuƙa mu. Hanyar Gusau yanzu ba a shigarta sai da addu'a a baki. Mun wuce shingen jami'an tsaro har uku, gero ya yi kai a gonakin bakin titi, amma can ciki gonaki da yawa ba a nome su ba, kowa kuma ya san dalili.

A Sabon Garin Gusau muka ɗauki wanda aka yi tafiyar dominsa, aminina mai jita. Ɗan Bungudu ne. Da gurmi ya fara yana yaro, ya gudo Gusau, ya koyi jitar lantarki wurin makaɗan kudu, irin kiɗan nan mai ƙara da ake kira rok. Shekaru ya yi yana yi wa manoma waƙa a kan takin da ake karkatarwa da hatsin da ake saye a wulaƙance. Bai iya boko ba, ni nake rubuta masa baitocin da ajami. Malamai 'yan uwana sun sha yi mini gori, ni kuwa har yau ban ga ƙarya ko batsa a abin da na rubuta ba.

Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, waƙoƙin suka fara zube masa daga ka. Kaset-kaset ɗinsa yayansa Alhaji ya ƙone su tun tuni, ya ce ya zubar da mutuncin gida. Takardun baitocin da ya bari a ɗakin mahaifiyarsu kaɗai suka rage, in ma suna nan. Su za mu je nema a Bungudu.

Mun karya da waina da miyar taushe a bakin tasha. Kuɗin da a da ke ƙosar da mutum uku, yanzu sai ka ƙirga wainar da ido. Aminina ya hana a sa jitar a but ɗin mota, ya rungume ta har Bungudu kamar mai jego.

Mun tarar da Alhaji a zaure, ido ya yi rauni. Ni ya ba hannu, ƙaninsa kuwa ko kallo.

"Malam, kai dai sannu da zuwa. Abin ga da ya rungumo, a bar shi waje."

Na tambaye shi takardun da ke ɗakin tsohuwa. Ya ce babu komai sai waƙoƙin wa'azi na mahaifinsu, waɗanda ya adana a gafaka tare da littattafai, yakan sa a karanta masa da azumi. Ya miƙo mini. Ina buɗewa na ga rubutuna, da bisimilla a kan kowace takarda, yadda na saba fara duk abin da zan rubuta. Ita ce ta tsirar da su daga wuta.

Da na so, sai in ce zan kwafa in maido, mu fice lafiya. Amma ban yi ƙarya don jita ina saurayi ba, ba zan fara da furfura ba.

"Alhaji, waɗannan ba na Baba ba ne. Ƙaninka ya yi su, ni na rubuta."

Ya ce, "Ku kwashe. Amma ba a kaɗa mini shaiɗan cikin gida."

"Titi ba gidanka ba ne, Yaya," in ji aminina.

Aka ciro batirin mota, aka haɗa da ƙaramar lasifika a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Yatsunsa ba sa iya danna waya, sai ya zura 'yar kwalbar turare a yatsa yana jan ta a kan wayoyin. Jitar ta yi wani kuka da ya tsayar da masu babur, mata suka leƙo ta katanga. Ya ɗauko waƙar manomi, ina riƙe masa takarda. A baiti na uku tawada ta goge, shi ma ya kakare, ya sake ɗaukowa, ya sake kakarewa.

Sai muka ji murya daga zaure, cikin faɗa: "Wanda ya noma shi ka kwana da yunwa! Haka a ka cewa, kai ko taka waƙar ba ka riƙe ba!"

Alhaji bai fito ba, amma har ƙarshe shi ya riƙa jefo duk baitin da ya ɓace.

Mun sallaci la'asar a Gusau, muka shiga Tsafe kafin rana ta faɗi, Alhamdu lillahi. Takardun na wurina ina sake kwafarsu da sabuwar tawada. Masu gori su ci gaba. Na dawo da sanin cewa maganar da aka hana ji da jita, shekaru ana saurarenta da alwala a gidan da aka hana ta.