Bagaruwa a Tafkin Alhaji

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da safiyar da muka kwashe kifin Alhaji a baro ba. Ku masu kiwon kifin yanzu, ku matso ku ji.

Zamanin da kuɗin fetur ya shigo ne. Ina kuku a wani gida a Nassarawa, maigidana Malam Sule yana kula da shuke-shuke. Ɗaki ɗaya aka ba mu a baya, mu da 'ya'yanmu. Alhaji mai gidan ya ga ana kiwon kifi a ƙasar waje, ya dawo ya sa aka gina tafkin siminti, aka zuba tarwaɗa. Ya ce, "Sule, zamanku a gidan nan yana tare da kifin nan."

Da bazara ta kama, ciwo ya shiga kifin. Jan gyambo a ciki, wutsiya tana zagwanyewa, abinci ba sa ci. Malamin gona ya duba ya ce ƙwayar cuta ce, maganin kuma yana cikin jirgin ruwa a Ikko, babu ranar saukewa.

Ni kuwa da bagaruwa da ganyen darbejiya uwata take wanke mana gyambo. Na jiƙa, na tace a daro. Malam Sule ya riƙa tsoma masu ciwon, jim kaɗan ya mayar da su ruwa mai kyau. Ana nan, ana nan, gyambo ya fara ƙamewa.

Alhaji ya gani ya yi dariya. "Ashe magani yana kicin ɗina. To wa zai tsaya yi wa kifi wanka ɗaya-ɗaya kamar jarirai? A zuba a tafkin gaba ɗaya."

Malam Sule ya ce, "Yadda ka ce, ranka ya daɗe."

Direba ya kawo buhunan bagaruwa daga wajen majema, muka dafa a tukwanen biki. Mu a wurinmu da harshe ake auna magani, in bai kama baki ba, bai isa ba. Malam yana zubawa, yana ɗebo mini ruwan tafkin ina ɗanɗanawa.

"Ya ji, uwar Lami?"

"Da saura, Malam."

Sai da ruwa ya yi ja kamar shayi, bauri ya ɗaure mini harshe, na ce ya ji.

Gari ya waye duk sun juya ciki sama, masu ciwo da masu lafiya. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya dubi tafkin, ya ce an ba mu zuwa Juma'a mu bar gidan. A Kaura Goje muka sauke kaya, Malam ya koma dako. Har ya rasu bai sake cin kifi ba.

Maganin bai yi ƙarya ba, 'ya'yana. Amma mutum in ya sha magani yakan kurkure baki ya fita ya sha iska. Kifi a ciki yake kwana, da shi yake numfashi, ba shi kuma da bakin cewa ya isa. Jikana yana jiƙa bagaruwar nan a gonarsa ta kifi har yau, a daro, kaɗan-kaɗan. Wani lokaci yakan miƙo mini ya ce, "Iya, ɗanɗana." Ni kuwa sai in kau da kai.