Madam Fanna Ba Ta Zubar da Littattafan Lakwal Ba

Labarin rasuwar Madam Fanna ya iske ni yau da safe, kuma ya iske ni da kuskure a cikinsa.

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. An kai ta makwancinta da hantsi. Na dawo gida na kasa taɓa abinci, saboda haka na zauna in gyara kuskuren tun bai yi nisa ba. Ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a rubuta amin.

Bukar, tsohon ɗalibina a lakwal, wato makaranta, shi ya fara sanar da rasuwar a shafinsa. Na san da zuciya ɗaya ya rubuta. Ya ce ta koyar da labarin ƙasa, alhali tarihi ta koyar. Wannan ƙarami ne, na bar shi. Wanda ba zan bari ba shi ne jimlarsa ta ƙarshe, inda ya roƙi Allah ya yafe mata "kuskuren da ta yi a shekarun baya na zubar da littattafan lakwal, har aka so a kore ta". Mutane da yawa sun bi shi da amin.

A gidan makoki ƴarta Zara ta aiko a kira ni bakin zaure. Ta miƙo mini wayarta.

"Baba, wai da gaske Inna ta yi haka? Ba ta taɓa gaya mana ba."

Na ce ta ba ni zuwa la'asar. Ni ne daraktan kwalejin nan Gure a lokacin da abin ya faru, a gabana aka yi shi daga farko har ƙarshe.

Madam Fanna ta zo mana malamar aji. Bayan wasu shekaru muryarta ta dushe, likita a Damagaram ya ce ba za ta dawo ba. Matasa ba su san al'adarmu ta wancan zamani ba: malamin da ya kasa tsayawa gaban tablo, wato allon aji, sai a ba shi makullan ɗakin karatu, wanda yara ke kira bibiliyotek. Wuri ne na jingine mutum cikin mutunci. Littattafan suna kulle cikin manyan armuwar, wato kabad na ƙarfe, aikin mai ɗakin shi ne ya kakkaɓe ƙura, ya jira a tashi.

Ba ta yi ƙorafi ba. Ta ajiye randa a bakin ƙofar, ruwanta ya fi na ko'ina sanyi a lakwal ɗin. Yaran ƙauye da ke zaune gidajen mutane a cikin gari, can suke fakewa da azahar. Ni kuwa ta lura ba na shan shayi mai sukari, ban taɓa faɗa mata ba, amma kofina daban yake zuwa.

Wata shekara aka nemi masu kula da ɗakunan karatu su je sitaj Damagaram, wato horo na ƴan makonni. Na ba da sunanta. Ranar da ta dawo, kafin ta buɗe ɗakinta ta shigo birona, wato ofishina, ta kira ni Mushe, yadda ake kiran malami namiji da Faransanci.

"Mushe, ina son kujera a taron malamai."

"Ai kina da kujera, Madam."

"A bakin ƙofa. Daga can ba mai jin muryata."

A taro na gaba na sa aka ajiye mata kujera a hannun damata. Abin da ta kawo ya tayar da ɗakin. Ta ce an koya musu cewa ɗakin karatu gona ne, in ba a rage gero a rami ba saura ba ya yin kai. Tana son a fitar da littattafan da suka mutu, a buɗe armuwar, a jera masu rai inda hannun yaro zai kai. Da yake da raɗa take magana, dole aka yi shiru kafin a ji abin da za a yi wa musu.

Malamin lissafi ya ce, "An aike ki koyon tsaron littafi, kin dawo da koyon zubar da shi? Gobe kar a aika likita sitaj!"

Ni ma ban ji daɗi ba. Cikin littattafan nan akwai irin waɗanda na koyi karatu da su. Na ce, "Madam, dukiyar gwamnati ce."

Ta ce, "Garar da ke cikin armuwar ma ta sani, Mushe. Shi ya sa take ci a natse, ba mai damunta."

Sai ta faɗi abin da ya kashe musun. Ba za ta fitar da littafi ko ɗaya da hannunta ba. Kowane malami shi zai zo ya tace littattafan fanninsa, shi zai ce wannan ya tsaya, wannan ya tafi.

Wata Asabar aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dogon yaro, aka zube komai. Akwai malaman da ranar suka fara taka ɗakin. Mun ga taswirorin ƙasashen da babu su yanzu. Mun ga littafin koyon zamiya a kan ƙanƙara, a Gure! Mun ga wasu cikin harshen da duk taronmu ba wanda ya iya faɗin na wace ƙasa ne. Wasu kuma da an ɗaga bango sai gari ya zubo.

Ni aka ba nahawun Faransanci. Na buɗe na farko na iske darasin da aka taɓa duka na a kansa ina yaro, na shiga karatu na manta da aiki. Ta zo wucewa ta sunkuyo.

"Mushe, tacewa aka ce, ba a ce bita ba."

Har yau ban taɓa yin yini mai daɗi irin wannan a wurin aiki ba.

Masu kyau aka jera su. Masu gyaruwa aka ɗinke su. Duk takardar da ke da rubutun Arabiyya ko sunan Allah, ita da kanta ta ware, aka kai wa liman. Abin da ya rage, wanda gara ta gama da shi, ni na ba da izini a ƙona, kuma da yau ne zan sake bayarwa. An zuba a rami bayan lakwal, iska ta taso, aka ce a bari sai gobe. Kafin gobe wasu sun kwashi takardu. Ɗaya mai hatimin lakwal ta je ta naɗe ƙosai a tasha, wanda ya sayi ƙosan kuwa direban sufeton makarantu ne.

Kafin sufeto ya iso, gari ya ɗauka: Madam Fanna ta sayar wa masu ƙosai littattafan gwamnati.

Ya zo da takardar, duk mai, ya ajiye a teburina, ya ce in har haka ne ba za ta ƙara kwana da makullan ba. Na ce ni na ba da izini. Ta ce, "Izini naka ne, Mushe, aikin nawa ne. Bari in yi bayani."

Wannan matar da a da in babba ya shigo sai ta koma bayan armuwar.

Ta kai shi ɗakin. Ya iske yara zaune har ƙasa, kowa da littafi. Ta bayyana masa ƙa'idar da aka bi, ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ya duƙar da kai don ya ji. Daga nan ta ce ta ji a da kimiyya ya koyar, ga tulin littattafan kimiyya an rasa mai tacewa, malaminmu ba shi da lafiya. Ya dube ta, ya dube ni, ya tuɓe takalmi ya hau tabarma. La'asar ta same shi a can. Tulin da ya fitar ya fi na kowa tsawo.

Da zai tafi ya tambaye ta ko za ta iya koya wa masu ɗakunan karatu na sauran kwalejoji abin da ta koyo.

To, Bukar, ga inda kuskuren ya samo asali. Rabin farko na labarin an yi shi a tasha, da ƙarfi. Rabi na biyu an yi shi cikin ɗaki, da raɗa. Kai kana yaro, na farkon ka ji.

Abin da ya biyo baya, malaman Bune da Gidigir da Kelle sun fi ni sani. Ranar kasuwa take bin mota ta je musu. Ta koma wasu horon, har Yamai, duk abin da ta samo kuma sai ta raba. Ita ta tsaya sai da aka ba kowane aji lokacinsa na ɗakin karatu cikin tsarin mako. Ita ta sa aka daina ba da makulli ga wanda ba a horar ba. Maza da suka girme ta suna ce mata Ya Fanna, suna jawo kujeru kusa da ita kafin ta fara.

Ganina da ita na ƙarshe bayan babbar salla ne. Na je duba ta, ta rame ƙwarai, amma kofina ya zo babu sukari. Muka yi ta hirar da. Na tambaye ta abin da na daɗe ina son tambaya: me ya sa ba ta taɓa tankawa ba, alhali ta san har yanzu ana maganar ƙosan?

Ta yi dariya har da tari.

"Da wace muryar, Mushe? Waɗanda suka zauna kan tabarma sun sani."

Mun sani, amma mun tsufa, muna kuma ƙarewa. Saboda haka duk malamin da ya zauna kan tabarmar nan kuma yana raye, ya rubuta shaidarsa a ƙasan wannan rubutu, da cikakken sunansa. Bukar, ɗana, ban yi fushi da kai ba. Ka goge jimlar ƙarshe, ka mayar da labarin ƙasa tarihi, sauran ka bar shi yadda yake.

Zara, ba ta yi ba. Ki gaya wa ƙannenki, ki kuma ɗaga kai a gidan makoki.

Allah ya gafarta wa Fanna kurakuranta na gaskiya, waɗanda Shi kaɗai ya sani. Ya yalwata kabarinta, ya haskaka shi, ya sa kowane shafi da yaro ya karanta ta dalilinta ya zama nauyi a mizaninta. Ya ba iyalinta haƙuri, mu kuma ya kyautata namu zuwan. Ina roƙon duk wanda ya kai nan ya yi mata addu'a da bakinsa, ba da ɗan hoton hannuwa kaɗai ba.

Na haɗa da hotuna uku. Na farko, ita da abokan sitaj ɗinta a Damagaram. Ita ce ta biyu daga hagu, ba ta tsakiya ba. Na biyu, tana horar da masu ɗakunan karatu a Gidigir. Na uku bai fito da kyau ba, wanda ya ɗauka ya motsa, amma na sa shi duk da haka, domin shi kaɗai nake da shi wanda take dariya a ciki.